Yadda Ake Kunna Wi-Fi a Tsohuwar Laftof ta Ofis, da Abin Yi Idan Ya Ƙi

Da yawa daga cikin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai, masu shagon buga takardu da ƙananan ma'aikata a garuruwanmu 'yan gwanjo ne, waɗanda kamfanoni a Turai da Amurka suka gama mora suka sallama. Dell Latitude E6410 da E6420, HP EliteBook 8440p da 8460p, Lenovo ThinkPad T410, T420 da X220, duk a 2010 da 2011 suka fito, amma har yau za ka tarar da ire-irensu jere a Computer Village ta Ikeja, ko a titin Beirut da Farm Centre a Kano. Suna da ƙarko, kayan gyaransu kuma ba sa wuyar samu.

Sai dai wajen Wi-Fi suna da wani hali. An ƙera su ne domin ma'aikatun da ke son ikon rufe wayales a duk lokacin da suka ga dama, don haka makullan suka yi yawa. Abin kamar gidan sarauta yake, zaure bayan zaure, ko ɗaya ka tarar a rufe ba ka isa ciki: akwai makunni a jikin laftof, akwai BIOS (allon saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi), akwai Windows, akwai direban katin wayales (manhajar da ke sa Windows ya gane katin Wi-Fi da ke cikin laftof), sannan ga na'urar da ke ba ka intanet ɗin kanta. Shawarata ita ce ka bi su daga waje zuwa ciki, daga wanda ba ya cin ko sisi zuwa mai cin kuɗi. Duk mai gyaran da ya ce maka "sai an yi fomat" tun bai juya laftof ɗin ya duba gefenta ba, ka ɗauki kayarka ka ƙara gaba.

Da farko, gane wace irin cuta ce

Dubi kusurwar ƙasa ta dama, kusa da agogo. Idan babu alamar Wi-Fi sam, ko ka ga jan kuros a kanta, ko hoton jirgin sama, to wayales ɗin ne a kashe ko kuma Windows bai ga katin ba. Idan kana ganin sunayen Wi-Fi na maƙwabta amma naka ba ya fitowa, ko yana fitowa ya ƙi haɗuwa, laftof ɗin lafiyarta ƙalau, rashin jituwa ne tsakaninta da wayarka ko MiFi ɗinka. Idan kuwa ta haɗu amma shafi ba ya buɗewa, wannan wata magana ce daban, tana can ƙasa. Ka san wanne ne naka kafin ka taɓa komai, don kada ka ɓata yini kana sauke direba alhali datarka ce ta ƙare.

Makunnin da ke jikin laftof

Nan ne aka fi samun matsalar, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Sababbin laftof ba su da wannan makunni, shi ya sa mutane ba sa ma tunanin nemansa. Wani ɗan ƙaramin abu ne da ake zamar da shi da farce, kuma sakawa da fitar da laftof daga jaka kaɗai ya isa ya ture shi.

A Latitude E6400, E6410, E6420 da E6430 yana gefen dama. A tsohuwar D630 yana gefen hagu. A ThinkPad T410, T420 da T430 duba gefen dama, a X220 da X230 kuma gefen hagu. Idan ka ga kore a ƙarƙashinsa to a kunne yake. ThinkPad na da ƙari: riƙe Fn ka danna F5, sai wani ɗan allo ya fito inda ake kunna Wi-Fi da Bluetooth daban-daban. Daga T440 zuwa sama an cire makunnin gefe, aikin ya koma kan F8. Wasu Latitude da suka biyo baya, irin E7450, Fn da PrtScr ake haɗawa.

HP tata hanyar daban ce. A EliteBook 8460p da 8470p maɓalli ne a saman kibod ta hannun dama, mai hoton eriya. Farar wuta na nufin a kunne, ruwan lemo na nufin a kashe. A 8440p kuwa ba maɓallin dannawa ba ne, wani baƙin layi ne a saman kibod da ake shafawa da yatsa, shuɗi idan yana aiki. Taɓa shi sau ɗaya ka ɗan jira. Masu gaggawa kan taɓa sau biyu, su kunna su sake kashewa, sannan su ce ya lalace.

Idan ka danna maɓallin Fn ɗin ko na HP ba abin da ya motsa, musamman bayan an sake ɗora Windows, yawanci ƙaramar manhajar da ke fassara wa Windows waɗannan maɓallan ce babu. A Lenovo sunanta Hotkey Features Integration, a HP akwai Hotkey Support da Wireless Button Driver, a Dell kuma Airplane Mode Switch Driver. A shafin kamfanin ake samun su, kyauta.

Cikin Windows

A Windows 10, danna alamar intanet kusa da agogo, ka tabbatar Airplane mode a kashe yake, akwatin Wi-Fi kuma ya yi launi. A Windows 7, riƙe maɓallin Windows ka danna X, Mobility Center zai buɗe, a ciki akwai Turn wireless on. Idan ya dushe ba ya dannuwa, koma ka sake duba makunnin gefe.

Daga nan riƙe maɓallin Windows ka danna R, ka rubuta ncpa.cpl ka danna Enter. Za ka ga duk hanyoyin haɗin da laftof ɗin ke da su. Idan Wi-Fi, ko Wireless Network Connection, ya yi toka-toka an rubuta Disabled, danna shi da ɓangaren dama na linzami ka zaɓi Enable. Sake Windows da R, rubuta services.msc, gangara ka nemo WLAN AutoConfig. Dole ya kasance yana gudana kuma an sa shi a Automatic. Irin Windows ɗin nan da ake yankewa a rage masa nauyi don ya yi sauri a tsohuwar kwamfuta yakan zo da wannan a kashe.

Abu ɗaya da ya kamata a sani game da Windows 10: Shut down ba ya kashe komai gaba ɗaya, yana adana wani sashe don ta tashi da wuri. Idan kana son kati ya farfaɗo daga tushe, Restart za ka zaɓa. Idan hakan bai yi ba, kashe ta, zare caja, cire batiri, riƙe maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan ka mayar ka kunna. Alherin waɗannan tsofaffin ke nan, batirinsu da hannu ake zare shi.

BIOS, inda tsohon mai ita ya bar sawunsa

Kana kunna laftof, tun kafin tambarin Windows ya fito, ka riƙa danna F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad.

A Dell nemi sashen Wireless. Abu biyu ne a ciki. Wireless Device Enable shi ne mai bai wa katin izinin aiki, ka tabbatar an yi wa WLAN, wato Wi-Fi, alama. Na biyun, Wireless Switch, shi ke faɗin abubuwan da makunnin gefe ke iko da su. Ga wata dabara da ta ceci laftof da yawa: idan makunnin ya karye ko ya saki, yana kashe Wi-Fi da ɗan motsi kaɗan, cire alamar WLAN daga Wireless Switch. Daga ranar makunnin ba shi da ta cewa, Wi-Fi zai zauna a kunne ko ina aka tura shi.

A HP shiga System Configuration, sannan Built-In Device Options, ka duba Embedded WLAN. A nan kuma akwai LAN/WLAN Switching, wanda ke kashe Wi-Fi da zarar an soka wayar intanet a jikin laftof. A ofis yana da amfani, a gida rikici kawai yake jawowa, cire shi. A ThinkPad shiga Security, sannan I/O Port Access, ka mayar da Wireless LAN zuwa Enabled. Adana canjin kafin ka fita.

Idan BIOS ya nemi kalmar sirrin da ba kai ka sa ba, kamfanin da ya fara mallakarta ne ya kulle. Kada ka tsaya kokawa, mayar wa wanda ya sayar maka ya buɗe ko ya canza maka. Shi ya sa ma yana da kyau tun a shago, kafin kuɗi ya bar hannunka, ka shiga BIOS ka gani, ka kuma haɗa ta da hotsifot ɗin wayarka.

Direba

Windows da R, rubuta devmgmt.msc. Buɗe Network adapters ka nemi suna mai ɗauke da Wireless, WLAN, Centrino ko 802.11. A waɗannan laftof za ka fi cin karo da Intel Centrino Advanced-N 6200 ko 6205, Ultimate-N 6300, WiFi Link 5100, ko Dell Wireless 1501 wanda a zahiri na Broadcom ne.

Idan akwai ƙaramar kibiya mai kallon ƙasa a jikin sunan, an kashe shi ne, Enable kawai zai tashe shi. Idan alamar motsin rai ce mai ruwan ɗorawa, buɗe Properties ka karanta lambar: Code 28 na nufin babu direba, Code 10 kuma na nufin katin ya kasa tashi. Ga Code 10, zaɓi Uninstall ka yi Restart, Windows zai sake ɗora shi da kansa. Idan bai yi ba sai a canza direban. Idan matsalar ta fara ne bayan wani sabuntawa, a shafin Driver akwai Roll Back Driver mai mayar da kai kan na da.

Idan babu sunan sam amma a ƙarƙashin Other devices akwai wani abu mai suna Network Controller, katin yana nan da ransa, direba ne babu. Wannan ya zama ruwan dare bayan an ɗora Windows 7. Kada ka yi canke, domin laftof biyu masu lamba ɗaya kan zo da kati daban-daban. Buɗe Properties, shiga Details, zaɓi Hardware Ids, ka karanta abin da ya biyo bayan VEN. Idan 8086 ne Intel ne, 14E4 Broadcom, 168C Atheros, 10EC Realtek. Da wannan sai ka shiga shafin Dell, HP ko Lenovo, ka sa lambar da ke manne a ƙasan laftof, wadda Dell ke kira Service Tag, ka sauke direban da ya dace. Idan ba su fitar da na Windows 10 ba, na Windows 7 ko 8 galibi yana aiki, in dai ka lura da 32-bit ne ko 64-bit.

To ta yaya za a sauke direba babu intanet? Haɗa wayarka ta Android da laftof da wayar caji mai ɗaukar data, ka kunna USB tethering a saitin hotsifot. Ko ka sauke fayil ɗin a waya ka tura. Ni dai ban cika son manhajojin nan masu cewa za su nemo maka duk direbobi a dannawa ɗaya ba. Sukan shigo da tarkacen talla, wani lokaci kuma su ɗora direban da bai dace ba.

Tana ganin na kowa, ban da nawa

Wannan shi ne ya fi yawa yanzu, saboda wayoyi sun yi gaba sun bar laftof ɗin a baya. Wi-Fi na tafiya a kan zango biyu da aka fi sani, 2.4 GHz da 5 GHz. Kati irin Dell Wireless 1501 da Intel Wireless-N 1000 zangon 2.4 kaɗai suka sani. Idan wayarka na watsa hotsifot a kan 5, ko kusa da ita ka ajiye laftof ɗin ba za ta gan shi ba. Don ka tabbatar, danna Windows da R, rubuta cmd ka danna Enter, a baƙin allon da ya buɗe ka rubuta:

netsh wlan show drivers

Duba layin Radio types supported. Idan b, g da n kaɗai ka gani, babu 802.11a ko ac, katinka ɗan 2.4 ne. Sai ka shiga saitin hotsifot na wayar ka mayar da zangon zuwa 2.4 GHz. A iPhone 12 zuwa sama, Maximize Compatibility za ka kunna.

Na biyu shi ne tsarin tsaro. WPA3 ya fito a 2018, shekaru bayan an ƙera waɗannan katunan, kuma Windows 7 bai san shi ba. Alamarsa ita ce sunan ya fito, ka sa kalmar sirri daidai, a ce maka Can't connect to this network. Mayar da tsaron wayar ko rautar zuwa WPA2-Personal. Kada ka bar shi a buɗe babu kalmar sirri don wai a huta, 'yan unguwa za su shanye maka data kafin la'asar.

Na uku tashoshi ne. A Amurka tasha 1 zuwa 11 ake amfani da su a zangon 2.4, don haka wasu katunan da aka saita domin can ba sa ganin rautar da ta hau tasha 12 ko 13. Idan Wi-Fi ɗinka yau ya fito gobe ya ɓace, zargi wannan. Shiga saitin MiFi ko rautar ta burauza, da adireshin da ke rubuce a jikinta, sau da yawa 192.168.0.1, 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, ka tsayar da ita a tasha 1, 6 ko 11. Haka nan katunan Intel irin 7260 masu tsohon direba ba sa ganin rauta mai Wi-Fi 6 sai an sabunta direban.

Sai batun kalmar sirri, wanda ke da wani tarko na musamman ga 'yan gwanjo. Kibod ɗin Ingila da na Amurka sun saɓa wurin alamar @, na Jamus ya musanya Y da Z, na Faransa ya musanya A da Q. Abin da ke rubuce a kan maɓalli ba lallai shi ne ke shiga ba. Danna ɗan hoton idon da ke gefen akwatin ka ga abin da ka rubuta da idonka. Idan kuma an canza kalmar sirrin kwanan nan, laftof ɗin na nan riƙe da tsohuwar. A Windows 10 shiga Settings, Network & Internet, Wi-Fi, Manage known networks, ka danna Forget, sannan ka haɗa sabo. Ka kuma duba ko adadin na'urorin da aka yarda su hau hotsifot ɗin ya cika.

Ta haɗu, amma shafi ba ya buɗewa

Fara gwada wata waya a kan Wi-Fi ɗin. Idan ita ma ba ta buɗe komai, laifin na data ne ko na sabis, bar laftof ta huta.

Idan wayar na aiki, buɗe cmd ka rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 na nufin rautar ba ta ba laftof ɗin adireshi ba. Kashe rautar ka kunna, sannan ka rubuta ipconfig /release, ka bi shi da ipconfig /renew. Wani lokaci kuma wanda ya riƙe ta kafin kai ya kafe mata adireshin ofishinsa. A ncpa.cpl buɗe Properties na Wi-Fi, shiga Internet Protocol Version 4, ka mayar da adireshi da DNS (mai fassara sunan shafi zuwa adireshi) duka su zama automatically. Haka ma firoksi, wato kwamfutar da ake bi ta cikinta kafin a isa intanet: rubuta inetcpl.cpl, shiga Connections, LAN settings, ka cire alamar Use a proxy server. Masu sa manhajojin "burauzin kyauta" su ma sukan bar irin wannan datti.

Gwada ping 8.8.8.8. Idan amsa na dawowa amma shafuka ba sa buɗewa, DNS ne, sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. In duk an yi an gaji, buɗe cmd a matsayin Administrator, rubuta netsh winsock reset, sannan netsh int ip reset, ka yi Restart. Windows 10 na da Network reset mai yin duka lokaci guda, sai dai zai goge duk kalmomin sirrin Wi-Fi da ka adana.

Kalli agogon laftof ɗin ma. Akwai wani ɗan batiri mai kamar kwabo a ciki da ke riƙe kwanan wata, kuma bayan shekara goma da ɗoriya yakan mutu. Idan kwamfutar na ganin ana 2011, burauza zai ƙi yarda da takardar shaidar shafuka, ya riƙa cewa haɗinka ba amintacce ba ne. Gyara kwanan watan, ka sa a canza batirin. Ga masu Windows 7 kuma, Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ya tsaya masa a siga ta 109, don haka wasu shafukan za su ƙi ko da Wi-Fi ɗin garau yake. Windows 10 ma tallafinsa ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025, amma ya fi 7 tafiya da shafukan yau nesa ba kusa ba. Idan da hotsifot kake amfani, kunna Set as metered connection a Properties na Wi-Fi ɗin, in ba haka ba Windows zai lashe datarka a ɓoye.

Yana yankewa, ko sandunan ba sa cika

A devmgmt.msc buɗe Properties na katin, shiga Power Management, ka cire alamar Allow the computer to turn off this device to save power. Wannan kan magance yankewar da ke zuwa bayan laftof ta farka daga barci, ko idan an ɗauke wuta ta koma kan batiri.

Idan kuwa sai ka manna ta da MiFi take samun sanda biyu, eriya ce. Eriyar na cikin murfin allo, siraran wayoyinta sun bi ta mahaɗar da murfin ke juyawa a kai sun sauko zuwa katin. Faɗuwa, ko canza allo a hannun wanda bai iya ba, kan tsinke su ko a manta ba a mayar ba.

Buɗe cikinta

Idan katin bai fito a devmgmt.msc ba ko da sunan Network Controller, BIOS kuma a buɗe yake, sai a duba shi kansa. Zare caja da batiri tukuna. A E6410 noti ɗaya ke riƙe da murfin ƙasa, a 8460p ko noti babu, zamar da maƙalli kawai ake yi. T420 da X220 sun fi wuya don katin na ƙarƙashin kibod ko wurin ɗora hannu. In ba ka saba ba kai wa mai gyara.

Katin ɗan ƙarami ne, bai kai akwatin ashana ba, da wayoyi biyu, fara da baƙa, wani lokaci har da ta uku mai ruwan toka. Ɗaga kan wayar tsaye da farce, kada ka ja jikinta. Kwance notin, katin zai ɗago da kansa, zare shi, goge haƙoransa masu ruwan zinare da abin goge fensir, hure ƙurar hunturu daga ramin, ka mayar. Wayoyin su koma inda lamba ko launin da ke jikin katin ya nuna, ka danna a hankali har ka ji ƙas. Kula kada ka saka shi a ramin da aka rubuta WWAN, na katin layin waya ne.

Wajen sayen wani katin, Dell ba ta da tsangwama, kusan duk wanda ya shiga ramin zai yi. Lenovo da HP na wancan zamani kuwa suna da jerin katunan da BIOS ya amince da su. Sa wa ThinkPad baƙon kati ta tsaya a kan kuskure mai lamba 1802 ta ƙi tashi, HP kuma ta nuna 104. Saboda haka ka nemi wanda aka ciro daga irin laftof ɗinka, a gwada a gabanka.

Idan ba ka son wannan wahalar, sayi ɗan Wi-Fi na USB, irin TP-Link TL-WN725N, wanda bai fi kan yatsa ba. BIOS ba ruwansa da shi, makunnin gefe ma yawanci haka. Sai dai shi wannan ɗan 2.4 ne kaɗai. Mai son zangon 5 ya nemi wanda aka rubuta AC ko Dual Band a kwalinsa. Bayan ka soka shi ya kama aiki, koma ncpa.cpl ka yi wa tsohon katin Disable, don kada Windows ya riƙa komawa kansa.